Sunan Ummu Zali a Majalisar Turawa

Turai,
3 ga Muharram.

Zuwa ga Kawu Kabo, a Jarwal, Makka.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da kai da iyali da duk mutanen unguwa. Yaya ƙafar taka? Yaya Inna da hidimar tuwonta? Ka gaya mata ɗan da ta goya yana gaishe ta.

Kawu, na samu aiki a wata ƙungiya mai suna Mizani. Ba gwamnati ba ce, ba kuma jam'iyya ba ce. Aikinta sa ido a kan yadda ƙasar nan take hulɗa da ƙasashen waje, tana matsa wa 'yan majalisa kada su sayar da makamai ga masu yaƙi, kada su ƙulla ciniki da wanda yake danne talakansa. A nan ana ce wa irinmu 'yan hagu, wato masu goyon bayan talaka da ɗan ƙwadago. Kada ka raina mu. Bara ƙungiyar nan ce ta sa aka fasa wani cinikin jiragen yaƙi, kuma in shugabarmu ta buga waya, 'yan majalisa ɗauka suke yi.

Yanzu ana shirin wata yarjejeniyar ciniki da ƙasashen yankinku. Muna so a saka sharaɗi a ciki, cewa duk wanda ya daɗe a can ba iƙama, wato takardar izinin zama, a daidaita masa takardunsa. Sai dai 'yan majalisa ba sa jin lissafin dubbai, labarin mutum ɗaya suke ji. Shi ne na tuna Inna. Shekara talatin da takwas tana Makka ba takarda, wa ya fi ta abin faɗa?

Ina roƙonka ka yi mata magana ta ba ni labarinta ta waya. Doka ce a wurinmu a ɓoye sunan mai ba da shaida, ba kuma za a sa hotonta ba. Na yi maka alkawari.

Ka huta lafiya.

Naka ɗa,
Nasrullahi.

* * *

Jarwal, Makka,
11 ga Muharram.

Nasrullahi,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, ƙafa kuma da sauƙi, sai dai keken ɗinki ya daina yi mata daɗi. Ka ga da hannu na rubuta na ɗauki hoton takardar na aiko maka. Ni ban iya taɓe-taɓen nan naku ba, in na nufi wannan harafi yatsa ya danna na kusa da shi.

Allah ya sanya albarka a aikin. Amma ka ce ku 'yan hagu ne? To, mu dai a gidanmu ka san abin da ake yi da hagu, ba da shi ake cin tuwo ba. Wasa nake yi maka, kada ka kumbura.

Ni raina bai kwanta da maganar nan ba, kuma ba zan ɓoye maka ba. Ni Allah ya taimake ni na samu iƙama tun lokacin afuwa. Innarka ba ta samu ba, don fasfonta ya ɓace tun kana ciki. Abin da ya zaunar da ita shekarun nan duka shi ne ba wanda ya san tana nan sai masu cin tuwonta. Ba ta zuwa asibitin gwamnati, ba ta shiga rigima, in an yi kame ta rufe ƙofa kwana uku. Kuma buri ɗaya ne ya rage mata a duniya, ka san shi: ta mutu a garin nan, a yi mata salla a Harami, a binne ta a ƙasar da aka binne mijinta da ɗanta. In aka kama ta aka mayar, shi ke nan, ba ta da hanyar dawowa.

Na je na karanta mata wasiƙarka tana tuƙa tuwo. Na faɗa mata duk abin da na faɗa maka, har da ƙari. Ta ajiye muciya ta ce, "Ya ahuya, ɗan'uwana, Nasrullahi ne fa. Yaron da na tauna wa abinci zan yi wa rowar magana? Kuma in aka daidaita wa jikokin Ruƙayya takarda suka shiga makaranta, ai na samu lada." Ruƙayya maƙwabciyarta ce, jikokinta biyar duk a nan aka haife su, ba mai takarda ko ɗaya. Na ce, "Magana zarar bunu ce fa." Ta ce, "Halas, na amince."

To ka ji. Ka kira ranar Juma'a bayan la'asar, zan kai mata wayata. Amana ce na ba ka, ɗan nan. Ba ƙungiya na ba wa ba, ban san ta ba, kai na ba wa.

Kawunka,
Kabo.

* * *

Jarwal, Makka,
6 ga Rabi'ul Awwal.

Nasrullahi,

Salamu alaikum. Gaisuwar ke nan, yau ba ni da wata.

Da safen nan na shiga kantin Sami sayen zare, jikan Alhaji Abdulbaƙin nan da Hausa take yi wa wuya. Ya miƙo min wayarsa ya ce, "Ya ammi, shuf, duba ka gani. Wannan ba Ummu Zali tamu ba ce?" Na karɓa na duba. Rahotonku ne, an mayar da shi Larabci tsaf, da tambarin ma'auninku a sama. Ga kanu da manyan baƙaƙe: Labarin Ummu Zali. A ƙasa an ce tsohuwa ce mai sayar wa alhazai tuwo a wata tsohuwar unguwa kusa da Harami, an kuma rubuta cewa ba sunanta na gaskiya ba ne.

Ashe karatu yana cinye hankali? Wane suna kuka ɓoye? Kabira? Wa ya san Kabira a Makka? Sunan nan a fasfo yake, ya ɓace tare da fasfon. Ni da muka fito ciki ɗaya da ita, rabon da in ji an kira ta da shi tun mijinta yana raye. In da ka buga Kabira ɓaro-ɓaro da hoton fuskarta, da ta fi tsira, don fuskar ma a rufe take fita. Amma Ummu Zali? Tun daga Jarwal har Zahir, ka tsayar da direban tasi ka ce ya kai ka wurin Ummu Zali, ba zai tambaye ka kwatance ba. Ummu Marwan sun fi ɗari a garin nan, Ummu Rakan ma haka. Zali kuwa ɗaya aka taɓa yi, ɗanta, ya rasu yana shekara shida. Kun kulle taga da kwaɗo biyu, kun bar ƙofa a wangale.

Ka kuma san yadda sunan nan yake a wurinta. Ɗan fari ne, bakinta bai taɓa furta shi ba. Larabawan unguwa ne suka laƙaba mata, ta haƙura tana amsawa don zaman lafiya. Shi kuka baza wa duniya.

Na ɗauke ta yau na kai ta Zahir, gidan 'yata Halida. Da ƙyar ta yarda, tana ta ce min wa zai ba mutanenta tuwon rana. Ka je ka gaya wa shugabar taku mai buga waya a ɗauka, ta sa a cire abin nan yau ɗin nan, na Larabcin da na Turancin. Ɗan kuka, ka ja wa uwarka jifa.

Kabo.

* * *

Turai,
9 ga Rabi'ul Awwal.

Zuwa ga Kawu Kabo.

Assalamu alaikum. Kawu, ka gafarce ni, ka roƙar min Inna gafara. Tun da na karanta wasiƙarka ban iya cin abinci ba.

Ga yadda aka yi. Takardar da muke cikewa gurbi biyu ne da ita. Na farko sunan gaskiya, shi ake kullewa a akwati. Na biyu sunan da za a buga. A na farko na rubuta sunanta na yanka, wanda ban taɓa rubutawa ba sai ranar. Da na zo na biyu, abokan aikina suka ce in ƙirƙiro kowane suna. Kawu, na kasa. In raɗa wa matar da ta goya ni suna, kamar na samu 'yar kyanwa? Na ga rashin kunya ne. Sai na ce bari in sa wanda ake girmama ta da shi, tunda ba ya cikin kowace takarda ta hukuma. A nan da takarda ake neman mutum. Na manta a can da baki ake nema.

Na je wurin shugabarmu na yi mata bayani. Ta saurare ni har idonta ya kawo ruwa, ta ce abin ya taɓa ta ƙwarai. Amma ta ce ba za a iya cirewa ba. An riga an raba wa 'yan majalisa, ranar Talata za a karanta shi a zaman kwamiti, kuma in muka janye, abokan hamayya za su ce ƙarya muka ƙaga. Na ce to a canja sunan kawai. Ta ce sunan ne ya kama zukatan mutane, kowa ya haddace shi. Lauyanmu kuma ya ce an bi ƙa'ida, tunda ba shi ne a gurbin farko ba.

Ta ƙara da cewa shahara ma kariya ce, wai ba mai taɓa wanda duniya ta sani. Kawu, ko akwai gaskiya a nan? 'Yan majalisa arba'in da ɗaya sun sa hannu a takardar goyon bayan sharaɗinmu, kuma duk saboda labarin Inna ne. Ba mu taɓa samun irin wannan ba. In aka yi haƙuri wata biyu, ita ce ma za ta fara amfana.

Don Allah ta zauna a Zahir har a gama. Ina gaida Halida da maigidanta.

Naka ɗa mai laifi,
Nasrullahi.

* * *

Jarwal, Makka,
2 ga Rabi'ul Sani.

Nasrullahi,

Salamu alaikum. An kama Innarka ranar Lahadi da hantsi.

Kwana goma sha tara ta yi a gidan Halida, kamar an ɗaure ta. Gida ne na bene, hawa na huɗu, ba tsakar gida, ba wanda zai leƙo ya ce a zuba masa miya. A kwanakin nan jaridu suka ɗauki maganar majalisarku, aka yi ta cacar baki, kowa yana ambaton Ummu Zali. Sau biyu wasu mutane suka zo unguwa suna tambaya. Ba wanda ya tona, sai dai ba wanda ya buƙaci tonawa.

Ranar Asabar mijin Ruƙayya ya rasu. Ka san Innarka, shekara talatin ba a yi rasuwa a layin nan wata ta tuƙa tuwon zaman makoki ba ita ba. Halida ta riƙe mata mayafi tana kuka, ta ce, "Ya ammati, don Allah kada ki je." Ta ce, "Ruƙayya ce ta wanke min ɗana. In ban je mata yau ba, ranar me zan je?" Ta shiga tasi ta tafi.

Washegari tana bakin murhu, mutum biyu suka tsaya a ƙofa cikin farar riga, suka yi sallama da ladabi. Ɗaya ya ce, "Ya Ummu Zali?" Ta ce, "Na'am," kamar yadda take amsa wa kowa. Shi ke nan. Ba wanda ya daka mata tsawa, sun ma bar ta ta wanke hannu. Tana gidan da ake tara waɗanda za a mayar. Na je sau uku, sau ɗaya na gan ta. An ɗauki zanen yatsunta. Abin da ta tambaye ni kawai shi ne ko an kwashe tuwon kafin ya kama.

Ni ba na ganin laifin waɗanda suka zo. Dokarsu ce, mun san ta tun kafin a haife ka, muna kaucewa suna kau da kai, haka aka zauna. Ku ne kuka tsaya a kan tudu kuna nuna ta da yatsa har kau da kan ya gagara.

Ka tambaye ni ko shahara kariya ce. Tambayi shugabar taka, in ta haifu, ta zo Jarwal ta yi kwana ɗaya ba takarda da sunanta a jarida.

Amma ba wannan ne ya hana ni cin abinci jiya ba. Sami ya sake nuna min waya, wani hoto da aka ɗauka tun ranar Talata. Na ga samari da 'yan mata jajaye a gaban wani babban gini, suna dariya suna ɗaukar hoto, kowa sanye da riga an rubuta sunan a ƙirji. Sunan yaron da na sa a kabari da hannuna, sunan da uwarsa ta yi shekara arba'in tana jin nauyin faɗa, shi ne a ƙirjin wata mai ɗan kamfai tana lasar abin sanyi. A ƙasa ƙungiyarku ta rubuta wai kamun da aka yi ya tabbatar da gaskiyar rahotonta. Kwana biyu da kamun har an buga riguna! Ni tela ne, na san ba a yanka riga dubu a kwana biyu sai in da ma an auna yadi an ajiye ana jira. Wallahi sai da na fita waje na tofar da yawu. Tir da wannan irin tausayi.

Kuna da 'yan majalisa arba'in da ɗaya. To ga ranarsu ta zo. Mutum ɗaya nake nema, ba dubu ba.

Kabo.

* * *

Turai,
20 ga Jimada Ula.

Zuwa ga Kawu Kabo.

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, in har za ka karɓa. Halida ta gaya min an sa Inna a jirgi ranar Laraba, kuma dangin mijinta sun karɓe ta a Kano. Na kira can, Inna ba ta karɓi wayar ba.

Ya kamata ka ji sauran daga bakina. Na bi 'yan majalisar nan ofis ofis. Uku suka rubuta wasiƙa, sauran suka ce a bari a gama zaman sulhu tukuna. A zaman sulhun aka ce wa ƙungiyarmu ta zaɓi ɗaya: ko sharaɗin masu zama ba takarda, ko wani sharaɗi a kan sayar da makamai wanda ta yi shekara goma tana nema. Ta zaɓi na makamai. Shugabarmu ta ce min da ma sai an riƙe abu biyu a hannu kafin a samu na bayarwa, kuma labarin Inna ne ya ba mu ƙarfin zama a teburin. Wato tun farko an san namu ne za a bayar. Ni kaɗai ne ban sani ba.

Majalisa ta amince da yarjejeniyar, jaridu suna cewa ƙungiyarmu ba ta taɓa yin nasara irin wannan ba. An naɗa shugabar mai ba gwamnati shawara kan harkokin waje. An yi walima a ofis, ni na zauna a banɗaki har aka watse.

Akwai wani abu kuma, ina jin kunyar rubuta shi, amma an ɗora min. A taron shekara suna so su ba Inna lambar girmamawa ta jarumta, ta yi musu magana ta bidiyo na minti uku. Sun ce yanzu ba abin tsoro, tunda ta riga ta fita. Ban ajiye aikin ba tukuna, Kawu, don takardar zamana a ƙasar nan a hannunsu take. Ka aika mata wannan wasiƙar in ka ga dama.

Naka,
Nasrullahi.

* * *

Kurna, Kano,
5 ga Jimada Sani.

Nasrullahi,

Salamu alaikum. Rabi ce take rubuta min, 'yar ƙanin mijina, a ɗakinta nake. Kawunka ya aiko min takardarka bai ƙara ko kalma ɗaya ba, an karanta min.

Na yafe maka. Kunya ce ta sa ka, ni na koya maka ita. Ka riƙe aikinka, na san abin da rashin takarda yake.

Lambar nan kuwa su riƙe abarsu. Ka gaya musu ba ni da minti uku. In suna son yi min alheri su daina sa rigunan nan, kada kuma su yi tsumma da su, su ƙone.

Ka tambayi lafiyata a wurin Halida. Ina ci, ina sha, mutanen gidan ba su rage ni da komai ba. Garin ne ban sani ba. Ranar da na sauka na yi alwala na shimfiɗa darduma, sai na tsaya ina juye-juye a tsakiyar ɗaki. Ni da nake leƙa hasumiyar Harami daga bakin murhuna, da shekara sittin da huɗu sai da na kira Rabi na ce ta nuna min alƙibla.

Ka ci abinci. Allah ya yi maka albarka.

Innarka.